Warin fetur a gidan gaban mota: daga ina yake fitowa, ta ina yake shigowa?

"Assalamu alaikum. Ina da Toyota Hilux mai shan fetur, mai ƙofa biyu, da ita nake jigilar buhunan hatsi daga kasuwannin ƙauye zuwa Dawanau. Kusan sati uku ke nan ina jin warin fetur a gidan gaba. Ya fi tsanani in na sha mai na cika tanki, kuma abin mamaki, in na sauke gilashi don iska ta shigo sai warin ya ƙaru. Na leƙa ƙarƙashin mota da safe ban ga ɗigo ko ɗaya ba. Makanikina ya canza fulogi da murfin tanki, bai daina ba. Ban da famfon mai da aka canza mini wata biyu da suka wuce, ba a taɓa mata komai ba. Yanzu in na yi doguwar tafiya har ciwon kai nake yi. Me ke kawo wannan, kuma akwai haɗari in na ci gaba da aiki da ita?"

Wa alaikumus salam, Malam. Tambaya biyu ka yi, zan fara da ta ƙarshen domin ita ce ba ta jira. Eh, akwai haɗari, kuma ina roƙonka ka ajiye lodi na kwana ɗaya a duba motar nan. Motar da take lafiya ba a jin warin fetur a cikinta, ko ta tsufa. Daga tanki har inji hanyar mai a rufe take ruf, in ka ji wari to akwai inda ya buɗe. Ruwa ba ya tsami banza.

Abin da mutane da yawa ba su gane ba shi ne, ba ruwan fetur ɗin ne ke kamawa da wuta ba, tururinsa ne. Fetur yana fitar da tururin da zai iya kamawa ko da a cikin sanyin da ya kai digiri 40 ƙasa da sifili, balle a zafinmu na watan Afrilu. Tururin ya fi iska nauyi sau uku zuwa huɗu, saboda haka ba ya tashi sama ya watse, kwanciya yake yi a ƙasa, ya bi lungu, ya taru a ƙarƙashin kujera ko a ramin gareji. In ya kai kamar kashi ɗaya da rabi cikin ɗari na iskar wurin, tartsatsi ɗaya ya isa. Tartsatsin nan kuwa ba sai an kunna ashana ba. Wayar wuta da ta goge, kan batir da bai ɗauru ba, guntun sigarin wani a tasha, duk suna iya kawo shi. Ciwon kan da kake yi ma ba ƙaramin abu ba ne ga mai tuƙa mota da lodi a babban titi, domin bayan ciwon kai jiri da kasala ne ke biyowa.

Rashin ganin ɗigo a ƙasa kada ya kwantar maka da hankali. Yoyon da yake ƙarami yana bushewa kafin ya kai ƙasa, musamman in a saman tanki yake ko a kan inji mai zafi. Cokali ɗaya na fetur ya isa ya cika gidan gaba da wari.

Lokacin warin shi ne ke nuna wurinsa

In aka kawo mini mota da wannan matsala, kafin in ɗauki sifana sai na zauna da mai ita na yi masa tambayoyi. Yaushe kake jin warin? Da tanki cike ko a kowane hali? Kana tsaye ko kana gudu? Da safe in ka tayar da ita, ko bayan ta yi zafi ka kashe? Gilashi a sama ko a ƙasa? Wane aiki aka yi mata na ƙarshe? Amsoshin nan su ne rabin gyaran. Warin da ke zuwa in an cika tanki, ya ragu in mai ya sauka, yana nuna saman tanki ko wuyansa. Warin da ke zuwa kana tsaye inji na silo, ya ƙaru in ka kunna fanka ko esi, yana nuna cikin bonet. Wanda ke zuwa da safe kaɗai ya ɓace bayan minti biyar, sau da yawa robar injekta ce da ta bushe, takan ɗan kumbura ta toshe in ta ji zafi. Wanda kuma ba ya tafiya ko da yaushe, ko motar ta kwana a kashe, sai a fara duba cikin gidan gaban kansa, ko wani abu ya jiƙe da mai.

Kai ka riga ka ba ni amsa uku ba tare da na tambaya ba. Warin yana ƙaruwa in ka cika tanki, yana ƙaruwa in ka sauke gilashi, kuma an canza famfo wata biyu da suka wuce. Ka ambaci famfon kamar abin da ba shi da muhimmanci, ni kuwa a nan idona ya tsaya.

A irin motarka famfon mai a cikin tanki yake. Ana zura shi ta wani rami da ke saman tankin, a rufe da faranti, tsakanin farantin da tankin akwai zoben roba. Wasu motocin ƙananan notuna ne ke ɗaure farantin, wasu kuma babban zobe mai zare. A jikin farantin nan ne bututun mai yake fita, wayoyin famfo da na gejin mai suke shiga. A ƙaramar mota yawanci ɗaga kujerar baya kawai za ka yi ka ga wurin. A a-kori-kura kuwa tankin yana ƙarƙashin bodin baya, sai an sauke shi ko an ɗaga bodin. Aiki ne mai wahala, ana yin sa a kwance, kuma a nan ake samun gaggawa. Tsohon zoben robar in ya fito yakan kumbura, ya ƙi komawa mazauninsa. Sai a tura shi da ƙarfi, gefe ɗaya ya naɗe, a ɗaure a haka. Ko a mayar da tiyon numfashi ba a matse kilif ɗinsa ba. Ko a ɗaure notunan gefe ɗaya tam kafin a taɓa ɗaya gefen, farantin ya karkace.

Za ka ce to me ya sa warin bai fara tun ranar da aka yi aikin ba? Tun da man fetur ya yi tsada bayan cire tallafi a 2023, da yawanmu ba ma cika tanki, na lita ashirin ko talatin muke sha. Tankin Hilux yana cin kusan lita 80. In man yana rabi, ba ya kaiwa ga farantin sai tururi kaɗan. Ranar da ka cika shi don doguwar tafiya, ka hau hanyar ƙauye mai gargada, man yana dukan rufin tankin yana fesowa ta inda robar ta naɗe. Ya kwanta a saman tankin, ƙura ta shanye shi, yana bushewa a hankali yana ba da wari. Ba zai ɗiga ƙasa ba. Ka tuna ko ranar da warin ya fara ta zo daidai da ranar da ka fara cika tanki bayan gyaran.

Na taɓa karɓar wata irin taka wadda mai ita ya canza murfin tanki har sau biyu, ya wanke injekta, ya canza filta. Da muka zura madubi da tocila tsakanin bodi da tanki, sai ga ƙurar da ke kewaye da farantin ta yi baƙi ta yi danƙo kamar an zuba mata man gyaɗa, alhali sauran saman tankin fari fat da ƙurar hunturu. Da muka sauke tankin muka cire farantin, zoben robar ya fito da wani lanƙwasa kamar kunnen jaka. Sabon zobe kawai aka sa, warin ya tafi. Ƙurar ƙasarmu tana taimakon makaniki a nan: duk inda mai ya taɓa, launinta yana canzawa, ko kuma ka ga wata tsaftatacciyar hanya inda man ya wanke dattin ya gangara.

Kusa da wannan akwai wuyan tanki. Daga inda ake zuba mai zuwa tankin akwai babban tiyo na roba, da wani ƙarami a gefensa wanda iska ke fita ta cikinsa lokacin da mai ke shiga. Bodin a-kori-kura da shasinta ba tare suke motsi ba, musamman da lodi a kan hanya marar kyau, tiyon nan ne ke shan wahalar. Yakan tsage a daidai bakin kilif, ta saman da ido ba ya gani. Kuma tun da hatsi kake ɗauka, ka sa ɓera a lissafi. Motar da ke kwana da tsabar masara a lungunan bodi gidan ɓera ce, kuma na sha ganin ƙananan tiyo da haƙoransu a jiki.

Dalilin da sauke gilashi ke ƙara warin

Wannan ba abin mamaki ba ne, shaida ce. In a-kori-kura tana gudu, iska tana hawa kan rufin gidan gaba ta wuce, sai bayan gidan ya zama wurin da iska ke juyawa tana dawowa gaba. Ka lura da yadda leda ko ƙaiƙayi ke taruwa a jikin gilashin baya. In ka sauke gilashin ƙofa, iskar da ke wucewa ta gefe tana zuƙo iskar cikin motar waje, ita kuma motar sai ta jawo wata ta kowace kafa ta cike gurbin. Kafofin nan suna baya da ƙasa: ramukan numfashi da ke bangon bayan kujera, robar gilashin baya, robar da ke kewaye da giya, ramukan da ke daɓen mota waɗanda toshiyarsu ta faɗi. Tankin kuwa yana nan dab da su. Shi ya sa na fi karkata ga baya fiye da inji a motarka.

Ka gwada wannan da kanka a ɗan gajeren titi. Rufe gilashi duka, ka sa esi ko fanka a kan maɓallin da ke juya iskar ciki. Sannan ka mayar da shi kan mai jawo iskar waje. Iskar waje tana shigowa ne ta ramukan da ke gindin gilashin gaba, wurin waifa, dab da bakin bonet. In warin ya taso da zarar ka buɗe iskar waje kana tsaye, to daga inji yake. In bai canza ba sai ka sauke gilashi kana gudu, daga baya yake.

In daga inji ne

Ba zan cire inji daga zargi ba sai an duba, domin yoyon gaba ya fi na baya saurin kawo gobara. Motar injekta tana tura mai da ƙarfin da ya kai bar uku zuwa huɗu (bar ma'aunin matsi ne), ninkin-ba-ninkin na tsohuwar mota mai kafireto. Tsagar da ba ta fi bakin allura ba tana fesa mai kamar turare, kuma manifol ɗin salansa mai zafi yana nan kusa. Ana dubawa ne da inji a sanyi, a fili, a tayar da shi ya yi silo. Wasu motocin famfonsu yana aiki na daƙiƙa biyu da an murɗa makulli, amma Toyota da yawa sai inji ya fara juyawa, don haka duba mota a kashe ba ya nuna komai. A bi bututun mai daga inda ya shigo har kan injektoci, a duba gindin kowace injekta da kanta, a duba mahaɗar filta. Farar takarda ko tishu ta fi yatsa, a dangwala a wurin a sansana. In motar tana da regileta, wato abin da ke daidaita matsin mai, mai ƙaramin tiyon iska a kanta, a kashe inji a zare tiyon. Ya kamata ya zama a bushe. In akwai fetur a ciki, fatar da ke cikin regiletar ta fashe.

Akwai kuma wani baƙin gwangwani da direbobi da yawa ba su san aikinsa ba. Gawayi ne a cikinsa. Tururin da ke tasowa daga tanki yana bi ta siririn bututu ya shiga gawayin ya maƙale, in inji ya tashi sai wani bawul ya buɗe, inji ya zuƙe tururin ya ƙone shi. An yi shi don tururi, ba don ruwan mai ba. Al'adar nan tamu ta cewa mai zuba mai ya ci gaba bayan famfo ya yi ƙas ya tsaya, har a girgiza mota don ta ƙara ɗauka, ita ce ke kashe shi. Man yana hawa bututun ya jiƙa gawayin, daga nan gwangwanin ya koma mai fitar da wari a maimakon mai tare shi. Ga zafi kuma: man da aka zuba daga tankin ƙarƙashin ƙasa yana da sanyi, in ya shiga mota ya sha rana sai ya kumbura, kuma sararin da aka bari a saman tanki don haka aka bar shi. Wannan ma yana zuwa da cika tanki, saboda haka shi ne zargina na biyu a motarka. In an cire gwangwanin aka ji ya yi nauyi ko mai na ɗiga daga gare shi, sai dai sabo. Na kuma sha ganin inda aka cire shi ɗungurungum aka bar bututun a buɗe a cikin bonet.

Kada rashin kamawar fitilar inji ya ruɗe ka. Motocin da aka ƙera don Amurka daga 1996 zuwa sama, irin su Tacoma da Tundra da F-150 da ake shigo da su, kwamfutar yawancinsu tana gwada hanyar tururin nan, in an sa musu na'ura sai ta nuna lamba kamar P0455 in yoyon babba ne, ko P0442 in ƙarami ne. Da yawa daga waɗanda aka ƙera don kasuwanninmu ba su da wannan gwajin. Kuma ko a na Amurkan, ba kowane yoyon ruwan mai ne ke kunna fitila ba.

Makanikinka da ya canza fulogi yana zargin wani abu ne dabam, wato inji yana shan mai fiye da kima yana fitar da wanda bai ƙone ba ta salansa. Hakan yana faruwa, amma warinsa ba iri ɗaya ba ne. Ɗanyen fetur warinsa kamar na gidan mai ne. Na salansa yana haɗe da hayaƙi, yana sa ido yaji, kuma yana zuwa da alamu: mota na shan mai, tana rawa a silo, baƙin hayaƙi, bakin salansa ya yi baƙin toka. Ka tsaya ka bambance wanne kake ji. In na salansa ne yake shigowa gidan gaba, haɗarin ya canza salo, domin tare da shi akwai iskar kabon monoksaid wadda ba ta da wari ko launi, kuma tana kisa. Ciwon kan da ka ambata ya sa dole a duba salansar daga manifol har ƙarshe ko da an gano yoyon mai a wani wurin.

Kafin a sauke tanki, ka ɗauki minti goma ka kwantar da kujera ka leƙa bayanta. Galan ɗin ko-ta-kwana da yaron mota ya ajiye, tsumman da aka goge hannu da shi, tiyon da aka zuƙi mai da shi aka jefa a nan, kafet ɗin da ya taɓa jiƙewa. Soson da ke ƙarƙashin kafet yana riƙe warin fetur makonni. Jarkokin mai a bodin baya ma, ko babu komai a cikinsu, iskar nan da na ce tana juyawa za ta kawo maka warinsu.

Yadda za a yi aikin

Ga tsarin da zan bi da a ce motar tana gabana. A sha mai a cika tanki zuwa inda famfon gidan mai ya tsaya da kansa, a yi tafiyar kilomita biyu ko uku a hanya mai gargada, a tsaya a fili nesa da masu walda da masu shayi. A leƙa saman tankin da madubi da tocila mai batir, a bi wuyan tanki da hannu, a bi bututan da ke jikin shasi har gaba, musamman inda kilif ya riƙe su, don a nan tsatsa da gogayya ke ci. In ba a ga komai ba, sai a nemi gareji mai na'urar hayaƙi. Tana hura farin hayaƙi marar ƙarfi cikin tanki da bututansa, ya fito ta inda ya fashe. Kada a yarda a hura wa tanki iskar kwamfuresa, tana iya kumbura shi ko ta fasa abin da yake lafiya.

In za a sauke tanki, a bari man ya yi ƙasa sosai, a cire kan batir na nagatif tukuna, a ajiye abin kashe gobara mai hoda a kusa. Wanda jami'an kiyaye haɗura ke tambaya a hanya, ka duba allurarsa tana kan kore. A sayi sabon zoben roba na wannan motar, a ɗaure notunan a hankali ana tsallakawa daga gefe zuwa gefe. Ina roƙonka kada ka yarda a shafa gam ɗin gaskit a wurin. Fetur yana narkar da yawancinsu, gutsattsarin su faɗa tanki su toshe rariyar sabon famfonka. In tiyo ne ya tsage, a sa tiyon da aka yi don mai, a ɓangaren matsi kuma wanda aka yi don injekta. Tiyon ruwa yana yin laushi ya fashe cikin 'yan makonni. Sabulun da ake liƙawa a tankin da ya huje dabara ce ta fita daga daji zuwa gari, ba gyara ba ce. Walda a jikin tankin fetur kuwa, ko an juye man an ɗauraye, tururin da ya rage a ciki ya hallaka masu walda da dama. In tankin ya huje, canza shi ya fi.

Ga masu a-kori-kura mai shan gas da ke karanta wannan, man gas ba ya saurin kamawa kamar fetur, sai ya yi zafin da ya wuce digiri 50, kuma ba ya saurin bushewa, don haka yoyonsa yana da sauƙin gani. Yawanci ƙananan tiyon da ke mayar da mai daga injektoci ne, ko famfon hannu da ke kan filta. Amma a injinan zamani irin D-4D na Toyota ƙarfin man yana wuce bar dubu, kada a kai hannu kusa da bututun ƙarfen inji na aiki, feshin yana huda fata.

Iyakar abin da zan iya daga nesa ke nan, Malam. Bisa bayaninka na fi zargin robar farantin famfo, sai gwangwanin gawayi, sai tiyon wuyan tanki, amma hanci da ido a jikin motar su ne za su yanke hukunci. Ka koma wurin wanda ya canza famfon ka tambaye shi cikin mutunci ko ya sa sabon zobe ko tsohon ya mayar. Kafin ranar, kada ka wuce rabin tanki, kada ka kwanar da ita a rufaffen wuri ko kusa da janareta da murhu, kada kowa ya sha sigari a ciki, kada yaron mota ya kwana a gidan gaba. In kuwa ka ga jiƙa a cikin bonet komai ƙanƙantarta, kashe ta a nan, a kira makaniki ya zo ya same ta. Bayan gyara ka cika tanki ka sake bin hanyar da ta saba tayar da warin, gilashi a ƙasa, ka rubuto mini abin da ka ji. Allah Ya tsare hanya.